Butar Mahauci a Bakin Famfo

A da, a unguwarmu ta Garuwa, idan aka ce ɗan wane ya zama ɗan ƙwallo, jaje ake yi wa uban a ɓoye. Yanzu uba ne ke saya wa yaro takalmin ƙwallo tun bai iya ɗaure igiyarsa ba. Duka zamanin biyu a kan dakali ɗaya na gan su.

Maƙwabcina mahauci ne, gadon kaka da kakanni. Ɗansa na fari ya ƙi wuƙa, ya bi ƙwallo. A rairayin kogin Binuwai ya fara, ƙungiyar gari ta ɗauke shi, daga nan Duwala, sai Faransa, ya ƙare a Turkiyya da ciwon gwiwa. Mai tsaron baya ne, wato ya shekara da shekaru ana biyansa don ya hana wasu abin da suka fito nema.

Aikin auduga ya kai ni ƙasashe. A Faransa na ga uba sanye da rigar ɗansa yana hawaye a filin wasa. A Masar na ga wani ya rataye hoton nasa ɗan a shago, sama da lasisi. Maƙwabcina ko sunan nasa ba ya kira, "wancan" yake cewa. Wannan kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta. Abin da ya wuce kunya shi ne, duk abin da ɗan ya aiko sai ya mayar. Ya ce bai taɓa cin abin da aka samu da wasa ba, ba kuwa zai fara da furfura ba.

Da ɗan ya daina buga ƙwallo, sai ya koma haƙa rijiyoyin burtsatse, waɗanda a nan muke kira foraj. Ya yi a ƙauyukan Kaele, an sha, an gode. Sannan ya haƙa ɗaya kusa da masallacinmu, don rijiyoyinmu ƙafewa suke da bazara, mata su yi ta jigila zuwa kogi. Liman ya ce ruwa ruwa ne. Dattawa suka ce gaskiya ne, amma ba za su riga uban taɓawa ba, matansu ma haka.

Ɗan ya zo ya durƙusa da ƙyar a gabana. "Baba, ka yi masa magana. Idan bai taɓa ba, rami kawai na haƙa."

Na je wurin uban na yi roƙo da Hausa, na koma Fulatanci, wanda ya fi taushi wajen lallashi. Yana ta wasa wuƙarsa. Abu ɗaya ya tambaya: ko gaskiya ne an kafa allo a jikin tankin rijiyar, da suna da hoton mutum cikin gajeren wando. Na ce gaskiya ne. Ya ci gaba da wasa wuƙa.

Na kai wa ɗan wannan amsar. Da kansa ya kwance allon. Baturiyar da ƙungiyar agajinsa ta turo ba ta ji daɗi ba, don allon ta zo ɗauka a hoto. Ni na yi tafinta. Na bayyana mata da Faransanci cewa ba faɗa suke yi ba. Ba ta yarda ba.

Ranar buɗewa aka yi ta jawabai har azahar. Kujerar uban tana gaba, babu kowa a kai. Da aka kira salla sai ga shi da buta. Ya ratsa ta tsakanin manyan baƙi, ya murɗa famfo, ya cika ta, ya tsuguna ya yi alwala a tsanake. Da ya miƙe, bai dubi kowa ba.

"Wanda ya haƙa," in ji shi, "Allah ya ba shi lafiyar gwiwa."

Ba mu taɓa sanin ya san da zancen gwiwar ba. Baturiya ta tambaye ni me ya ce, na ce godiya ya yi. Ɗan kuwa ya juya yana duba tanki, ya daɗe yana dubawa.

Har yau tsohon bai karɓi komai daga hannunsa ba, bai kuma kira sunansa ba. Ramukan ƙusa huɗu na nan a jikin tankin. Amma tun daga ranar, matan unguwarmu ba su sake zuwa kogi ɗibar ruwa ba.