Tukunyar 'Yar Mahauci

Shekara ashirin da uku muna tuƙa bas tare da Magda Verleye a nan Ghent, kuma a sha ɗayan ƙarshe ban ga loma guda ta nama ta wuce maƙogwaronta ba. Ba nama kaɗai ba. Ba ta cin ƙwai, ba ta shan madara, cuku da man shanu ma ta yi sallama da su. Abin da ya sa maganar ta zama abin faɗi a tasharmu shi ne ko 'yar waye ce. Mahaifinta Omer Verleye ya yi shekara arba'in yana sayar da nama a unguwar Ledeberg, a saman kantinsa aka haife ta, kuma tun tana 'yar shekara goma sha biyu ta iya raba ƙashi da tsoka.

Ba ta cika faɗin dalili ba. Sau ɗaya na matsa mata, sai ta ce, "Veerle, ku a leda kuke ganin nama. Ni na san shi tun yana numfashi. Wata Talata ina gyara wa yarana kaza, na ajiye wuƙar, ban sake ɗauka ba. Labarin ke nan, ba shi da wutsiya."

A lokacin nan aurenta ya riga ya mutu, 'ya'ya mata biyu suna hannunta, aikinmu kuma ba ya jiran kowa. Yau ka fito ƙarfe biyar na asuba, gobe a raba maka yinin gida biyu. Kowa ya ce mata irin wannan abinci na ɗalibai ne da masu hali, waɗanda ke da lokacin zama su jiƙa wake suna kallonsa. Magda ta ce za a gani.

Ran Lahadi da hantsi take yin aikin mako. Ta dafa farin wake tukunya guda, jan wake tukunya guda. Ta soya albasa kilo biyu a man zaitun har ta yi ja, ta zuba a kwalabe. Ta daka tafarnuwa da citta da barkono da ɓawon lemon tsami, su ma a kwalba. Ranar aiki idan ta shigo gida, kafin ta cire takalmi ta ɗora ruwan taliya ko shinkafa. Cokali biyu na albasar nan, cokali ɗaya na dakan, wake, duk ganyen da ke firij, wani lokaci awara da ta sha gishiri aka soya ta har ta yi ƙamas. Minti ashirin, an zauna cin abinci. Takan ce duk girkin da ya wuce minti ashirin ranar aiki, ba girki ba ne, hukunci ne.

A ɗakin hutun direbobi kuwa ta sha tsiya. Akwai Ronny, wani ƙaton direba mai bakin tsiya, da ta buɗe kwanonta zai fara.

"'Yar mahauci, yau wace gonar kika yi wa sata? Zomo ma sai ya yi miki Allah ya isa."

"Ci burodinka, Ronny. Wannan yankan naman da ke ciki ya fi bas ɗinka tsufa."

"To ɗan sam mini in ji abin da ke kashe ki."

"Ba na ciyar da mai zagina. Ka shaƙi ƙamshin, shi kyauta ne."

Haka take. Ba ta taɓa yi wa kowa wa'azi ba, ba ta kuma taɓa ba da haƙuri kan abin da ke cikin kwanonta ba.

Bara waccan, da sanyi, tsoho Omer ya zame a matakalar gidansa ya karya ƙugu. Matarsa ta riga ta rasu, kantin ma an daɗe da sayarwa. Asibiti suka ce ba zai koma ya zauna shi kaɗai ba. Yayan Magda, Filip, wanda ke sayar da motoci a Aalst, ya zo gidanta don su yanke shawara. Ina nan a lokacin, na kawo mata takardar canjin aiki.

Filip ya ce, "Gidana duk matakala ne, kin sani. Naki ne ya dace. Amma sai kin bar wannan taurin kan. Mutumin da ya yi shekara saba'in da tara yana cin nama safe da yamma ba za ki ɗora shi kan ciyawa ba."

"Yaya, ɗaki na nan, na riga na share. Zan yi masa wanka, zan kai shi wajen gashin ƙashi. Amma abin da ke tukunyata shi zai ci."

"Ubanki ne fa!"

"Na sani. Wajensa na gaji taurin kan."

"To gara gidan tsofaffi."

"Je ka faɗa masa da bakinka."

Filip bai je ba. Aka kawo Omer da akwati biyu da wani ƙunshin fata da bai yarda kowa ya taɓa ba.

Ranar farko ta ajiye masa miyar kabewa da jan wake da gasasshen dankali. Ya leƙa kwanon, ya ture.

"Ina abincin?"

"Ga shi gabanka, Baba."

"Wannan abin da ake ajiyewa a gefen abinci ne."

Kwana uku burodi da shayi kawai ya ci. Ni kaina na ce mata, "Magda, ki ji tsoron Allah, ɗan yanki guda ba zai rushe miki gida ba." Ta ce, "Ni na san ubana. Idan na sassauta yau, jibi rabin saniya zan tarar a firij." A rana ta huɗu ta tura masa keken dogarawarsa gaban kujera.

"Baba, ban hana ka nama ba. Akwai kantin nama a ƙarshen layi, taku ɗari uku. Kuɗinka ne, bakinka ne. Ka saya, ka ci a can. Tukunyata ce dai ba zai shiga ba."

Mutumin da masu gashin ƙashi suka yi mako biyu suna lallashi ya taka zuwa ƙofa yana ƙi, shi ne ya miƙe don haushi. Minti arba'in ya yi kafin ya isa. Ya sayi dafaffen naman sa a takarda, ya zauna a bencin bakin kantin cikin sanyi ya cinye, ya dawo yana haki yana zagin mai kantin, wai bai iya yanka ba. Washegari ya sake zuwa. Bayan wata guda ya ajiye keken ya koma sanda.

Zaman gida ya ishe shi, sai ya riƙa zama a kicin yana kallonta. Wata Lahadi tana yanka albasa ya kasa daurewa.

"Ke, wa ya koya miki riƙe wuƙa haka? Ni dai ba ni ba ne."

"Sauri nake yi, Baba."

"Da wannan dakusasshiyar? Ba yanka kike yi ba, duka kike yi. Matsa."

Ya kwance ƙunshin fatar nan. Wuƙaƙensa ne na aiki, guda biyar, da dutsen wasawa. Kilo biyu na albasa ya gama da su kafin ruwan wake ya tafasa. Daga ranar nan, aikin yanka ya koma hannunsa. Magda tana kan hanya da bas, shi yana gida yana yanka karas da kabeji da lemar kwaɗi, kowanne a kwanonsa, a rufe. Girkin minti ashirin ya koma na sha biyu. Shi ya ce mata tana sauke albasa da wuri. Shi ya tuna mata yadda mahaifiyarta ke shafa wa burodi kwaɓin nan mai ɗan yaji da ake kira mastad, ta kifa a kan miya ya narke a ciki ya ba ta kauri. Yana ci yana ƙorafi, amma kwanon ba ya dawowa da saura.

Da ya cika shekara tamanin, ya ce yana son tsofaffin abokan sana'arsa su zo. Filip ya bugo waya zai aiko da cinyar rago. Magda ta ce ya kai ta gidansa ya yi nasa bikin. Mahauta shida suka zo, duk sun tsufa, wasu yatsunsu ba su cika goma ba. Ta ajiye musu babbar tukunya ta lemar kwaɗi da albasa da farin wake, an dafa da baƙar giya da mastad irin yadda ake dafa naman sa a garin nan, ga soyayyen dankali tuli guda.

Cyriel, wanda ya fi su baki, ya juya cokali a kwanonsa ya ce, "Omer, ashe haka ka ƙare? Daga saniya ka koma yanka abin da ke tsirowa a gindin itace? 'Yarka ta gama da kai."

Na ga Magda ta ajiye ludayi, ta buɗe baki, amma tsohon ya riga ta.

"Cyriel, ɗanka wa yake yi wa girki? Yaushe rabon da ka gan shi? Ni tawa tana tashi ƙarfe huɗu ta ɗebi mutanen garin nan ta kai su aiki, ta dawo ta ciyar da ni abinci mai zafi. Shekara goma ina zaginta kan wannan, ko gezau ba ta yi ba. A cikinku wa ya haifi mai irin wannan zuciyar? Ka ci, ko ka miƙo mini kwanon."

Cyriel bai miƙa ba. Ya ci, ya ƙara, ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Omer bai daina cin nama ba, bai kuma taɓa cewa girkin 'yarsa da daɗi ba. Babbar 'yar Magda ma da ta yi aure ta koma cin kaza, uwar ta ce kowa da tukunyarsa.

Kwanan baya shugaban tasharmu ya kira ta ofis. Ya ce ana shirya makon kula da lafiyar direbobi, yana so ta tsaya gaban jama'a ta yi bayanin amfanin ganye ga jiki, za a ɗauki hotonta a manna a bango.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba likita ba ce, ba kuma don in rame nake yi ba. In kana so direbobi su ci abin kirki, ka mayar mana da hutun rana minti arba'in kamar da, ka sa a gyara murhun da ya lalace tun bazara. Hoton kuma ka ɗauki Ronny, ya fi ni cika bango."

Ta duba agogo, ta ce bas ɗinta na tashi nan da minti huɗu, ta fita.