Gwajin Tumatur da Na Yi wa Idon Ɗiyata

Shekarun baya, matata ta haifa mana ɗiyar fari, bakwaina. Don ƙanƙanta, wallahi da na sa ta a hulata da sauran wuri ya rage. Ta yi makonni a kwalba, sannan aka ce jijiyoyin cikin idonta suna tsirowa ba daidai ba, in aka bari sai makanta. Muka tafi har Yamai aka yi mata allura a ido. Ni da ke cika baki a bakin tabkin Madarumfa cewa ko kada bai ba ni tsoro, ranar sai da aka yi mini fifita.

Likitar da ta yi allurar ta ce ciwon ya kwanta, amma ya iya laɓewa ya dawo ko bayan watanni. Ta rubuta mana randebu, wato ranar komawa, a karne, littafin asibitin yarinyar, duk sati biyu, har sai ita da bakinta ta ce ya isa.

Muka yi ta zuwa, kullum a ce lafiya lau. Da lokacin dashe ya kama a lambuna, sai na naɗa kaina likitan ido. Na tsinko jan tumatur, na kai shi dama, yarinya ta bi shi da kallo. Na kai hagu, ta bi. Na ce, "Shi ke nan! Wannan ko allura ta faɗi a can garin Ɗan Issa za ta hango ta. An gama randebu."

A tsakar gida na yi wannan shela, gaban mahaifiyata da ƙannenta biyu, kuma da gayya na zaɓi wurin. Kun san kunyar ɗan fari. Matata ko sunan yarinyar ba ta faɗi, gaban manya kuwa sai ta yi kamar ɗiyar maƙwabta ce. Na tabbata ba za ta tanka ba.

Ai kuwa sai ta aje muciya, ta ce, "Inna, ku gafarce ni. Ɗiyata ce, idonta ne. Likita ba ta sallame mu ba."

Ƙanwar mahaifiyata ta kama haɓa tana salati. Mahaifiyata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, likitan tumatur, a wace makaranta ka yi karatun? Ka sa yarinya ta yar da kunyarta saboda shirmenka. Tashi ka nemo mota!"

Da aka haska idon, ashe ciwon ya taso a can gefe, inda bai kai ga taɓa gani ba tukuna. Likitar ta ce in muka jira sai mun lura da kanmu, to an makara. A satin aka ƙone wurin da wani haske, muka ci gaba da zirga-zirga har ranar da ta rufe karne da hannunta.

Yau yarinyar tana makaranta da ɗan tabarau, tun daga ƙofar gida take ƙirga mini furfura. Ina ba da labarin nan a majalisa ana dariya, ni ma ina yi. Amma duk sanda na tuna cewa da wayo na zaɓi wurin da uwarta ba za ta iya magana ba, sai in daina dariyar. Allah ya saka mata da alheri da ta ƙi yin shiru.