Wayar da na buga daga bakin filin tsere

Duk faɗin Faransa, daga Paris har Lyon, ba a yi mai sanyin kai a lokacin tashin hankali kamata ba. Haka nake faɗa a shagunan Aubervilliers da ke gefen Paris, har da rantsuwa. Nakan ce ko bene ya rufto mini a ka, sai na gama ɗaure takalmina kafin in fita.

A shekarun nan ina jan kamiyo, wato babbar motar kaya, ga wata ƙaramar ƙungiyar tseren motoci da garejinta yake Bron, kusa da Lyon. Ni nake kai motar tsere fili in dawo da ita, wata rana a kan tayoyinta, wata rana kusan a buhu. Direbanmu mutumin Zinder ne, magidanci mai gyaran lantarki, ɗa tilo ga wata Hajiya da ke zaune a Sevran, can wajen Paris. Hajiya ba ta ƙaunar tseren ko kaɗan. Ni na je har ɗakinta na tsara ta, na ce an ɗaure cikin motar da ƙarafa kamar kejin zaki, ko daga jirgin sama aka jefo ta, mutum zai fito yana karkaɗe riga. Ta ce, "To Malam, na ba ka amanarsa." Da izininta yake tsere, kuma ya sha gaya mini ranar da ta ce a'a, ya ajiye ke nan.

Maigidanmu, wani Bature mai furfura da ya taɓa rasa aboki a tsere, ba ya wasa da shirin ko-ta-kwana. Kafin a fara wasannin shekara sai ya tara mu a gareji ya raba aiki: in mummunan haɗari ya faru, wane zai bi ambilans, wane zai adana hular kwanon direba don likitoci su ga inda ta bugu, wane zai ja ƙofa ya sallami masu ɗaukar hoto. Ya nuna ni ya ce, "Kai da direba kuna yare ɗaya, kai ne mai magana da iyalinsa. Amma sai likita ya duba shi, na zo da kaina na gaya maka. Kafin nan wayarka tana aljihu." Na ce ai don wannan aikin aka haife ni.

Wata Lahadi da rana, a wani fili bayan garin Lyon, motarmu ta ƙi shan kwana. Ta wuntsila, ƙura ta turnuƙe, taya guda ta kama gabanta. Aka ɗaga jar tuta. Kowa ya ruga wurin aikinsa kamar yadda aka tsara, ni kuwa na tsaya nan bakin fili. Hajiya kawai nake gani a idona. A wajenmu ba a bari uwa ta ji mummunan labari ita kaɗai. Dattijo ake samu, ya tura mata su zauna da ita tukuna. Sai na tsinci waya a kunnena, ina kiran wani Alhaji ɗan kasuwa da ke maƙwabtaka da ita.

"Alhaji, yau ba gaisuwa. Ɗan Hajiya ne."

"Lafiya?"

"Mota ta tashi sama har sai da hulata ta faɗi wajen kallo. Ta dagargaje, Alhaji. Ko ƙarfe bai tsira ba."

"Inna lillahi! Yana da rai?"

"Sai addu'a."

Ni fa ban ga komai ba sai ƙura da taya.

Alhaji ya yi abin da ya dace da dattijo. Ya tura matarsa da maƙwabta. Hajiya ta buɗe ƙofa ta ga mata jere da mayafai, ba wadda ta iya kallon idonta. Ba ta jira bayani ba, ta zube a nan bakin ƙofa. Dama tana fama da hawan jini.

Ina nan tsaye sai ga maigida yana murmushi. Ya ce kafaɗar direba ce kawai ta ɗan bugu, yanzu in kira mamarsa. Na kira, matar Alhaji ta ɗauka, ina jin jiniyar motar asibiti ta bayanta. Ban gama sauke wayar ba direba ya iso lulluɓe da bargo, yana dariya, ya kira ni Tonton, wato kawu, kamar kullum. "Tonton, ka ga rawar da na taka? Ina burodin da na ba ka ajiya?" A gaban kowa na gaya masa abin da na aikata. Maigida bai yi faɗa ba, kallona kawai ya yi, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ni da direba, kujera a gefen kujera. Ni da nake iya hira da sandar fitila, taga na yi ta kallo har muka sauka.

Bayan an sallamo Hajiya daga asibiti na je gaishe ta, ɗanta yana zaune a ƙasa kusa da ƙafafunta. Ta sa aka kawo mini shayi. Na ba da haƙuri, na sake bayarwa, sannan bakin ya ɓalle. Na ce ai ga shi nan garau, ƙarafan nan sun yi aikinsu. Na ce laifina ne, zan bar ƙungiyar, in bar Lyon, in bar Faransa ma in ta so, ita dai ta bar shi ya ci gaba. Ɗan ya ɗago kai yana jiran amsarta.

Ta ce, "Na riga na yi kukan mutuwarsa sau ɗaya, ba zan yi na biyu ba. Ya ajiye. Kai kuma Malam, sha shayinka, bakin nan ya ɗan huta."