Ranar da Hamisu Mai Salati Ya Ƙi Ɗaga Kekensa

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da na Malam Hamisu a gidan hayarmu na unguwar Bukoki, kuma tun da na buɗe shagon ɗinkina a bakin layin ban taɓa riga shi fita ba. Ana sallame asuba zai turo kekensa, wani tsohon baƙin keke da ya yi wa ƙarin katako a baya, ya nufi lambunan Saga a bakin kogi. Can yake saro ganyen salati da kabeji da ɗanyar albasa, ya cika kwanduna biyu, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu, ya kai wa matan da ke kasa kaya a kasuwar Katako kafin rana ta yi zafi. Yana saurayi ya zo Yamai daga wajen Madawa. Da wannan sana'a ya yi aure, ya ciyar da 'ya'ya, ya aurar da su, har Allah ya yi wa matarsa rasuwa. Gemunsa ya yi fari fat, amma ƙafarsa ba ta yarda ta tsufa ba.

Wanda bai san titunan Yamai ba zai ce mene ne abin wahala a tuƙa keke. To bari in gaya masa. An yi wa masu tafiya a ƙasa dakali a gefen kwalta, amma masu tebur sun kafa a kai, mai shayi ya jera bencinsa, mai faci ya baza tayoyi, ɗan abin da ya rage kuma masu motoci sun hau sun ajiye. Dole mai ƙafa ya sauko bakin kwalta, inda mai keke ya kamata ya bi. Mai keke ya matsa tsakiya, taksi ta danna masa oda kamar ya kashe mata uba. Masu moto kuwa, wato 'yan babur, ba a maganarsu, ko ta cikin zauren mutum suka ga kafa za su bi. Kowa yana tsaye a wurin wani, kowa kuma yana zagin wanda ya tarar a nasa. Ni Habibu da nake yawo a ƙafa, abin yana ci mini rai kullum, balle dattijon da ke ɗauke da kwanduna biyu.

Bara wata ƙaramar motar haya, irin wadda muke kira faba-faba, ta matse shi har ya hau dakali ya kife kan buhunan gawayi. Bayan nan wani fasinja ya buɗe ƙofar taksi bai duba ba, Malam Hamisu ya shiga cikinta da gwiwa. Duk lokacin da haka ta faru, kafin ya miƙe mutane sun kewaye shi, Hausawa na cewa haƙuri, Zabarmawa na cewa suuru. Shi kuma ya kakkaɓe rigarsa ya ce ba komi, mai mota ya kama gabansa. A garin nan haƙuri kayan mai keke ne, shi ake ɗora wa. Abin da bai lura da shi ba shi ne rauni kaɗai ke bin sa gida, wanda ya ji masa raunin ba ya biyowa.

Mai ganin raunin kuwa ita ce Safiatou, 'yarsa ta fari, wadda ke koyarwa a makarantar firamare. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka Uwata yake ce mata, kuma ba ya iya musa mata magana. Ranar da ta tarar da shi yana gasa gwiwa da ruwan zafi, a gabana ta zaunar da shi.

Ta ce, "Baba, idonku na, ku bar ɓoye mini. Mutum ba shi hwaɗuwa kullum a ce kullum laihin wani na. In kunka sake hwaɗuwa, keke ya zauna gida."

Ya dubi gwiwar ya ce, "In laihina na, Uwata, da hannuna zan ba ki makulli. In kuwa na wani na, ki bar ni da kekena."

Ta ce, "Na yarda. Amma shaida nika so, ba an ce ba. Tonton Habibu, kun ji dai."

Tonton take ce mini, wato kawu. Na ce na ji. Ba mugunta ce ta sa ta ba, tsoro ne, kuma abincinsa ba zai gagare ta ba. Sai dai ni na san keken nan ba abinci kaɗai yake ba shi ba. Shi ke fitar da shi daga ɗakin da babu kowa a ciki, ya kai shi inda ake jiransa.

Wata safiya cikin zafin bazara wayata ta yi ƙara ina tsakiyar yanka shadda. Muryarsa ce, babu rawa a cikinta. Ya ce mota ta buge shi a babban titin da ke gangarowa Katako, lafiyarsa ƙalau, in zo. Na rufe shago na tafi.

Tun daga nesa na ga cunkoso. Wata farar mota ta tokare rabin titi, gabanta a kan dakali, bayanta a kan kwalta. Keken yana kwance a ƙarƙashin bayanta, tayar baya ta lanƙwashe, salati ya watse. Malam Hamisu na zaune a kan kwando ɗaya a tsakiyar rana, jini ya bushe masa a gwiwar hannu. Ya ce mini motar a kan dakali take ajiye, mai ita ya yo baya bai duba ba, shi kuma ba damar kaucewa domin mata biyu masu tallar mangwaro na tafiya a bakin kwalta.

Mai tuƙa motar wani saurayi ne fes da shi, Ismaël, direban wani kamfani. Da farko, in ji Malam Hamisu, har ƙasa ya durƙusa yana cewa, "Baba, ku gafarce ni, ban gan ku ba." Ya ce zai gyara keke, zai biya salati. Ya kai hannu zai jawo keken, dattijon ya riƙe masa hannu ya ce kada ya taɓa, konsta yake so.

Konsta ita ce awon da 'yan sanda ke yi in an yi haɗari. Ba a motsa komai sai sun zo sun auna, sun zana da alli, sun faɗi mai laifi. Na sha ganin motoci biyu da ko fenti bai goge sosai ba sun toshe titi rabin yini suna jiranta, mutane na zagayawa ba wanda ya ce uffan. Amma ban taɓa ganin an yi ta don keke ba, haka ma waɗanda suka taru a wurin.

Da jin kalmar nan, bakin Ismaël ya juya. Motar ba tasa ba ce, kuma in awo ya kama shi aikinsa ne a kan siraɗi. Lokacin da na iso, ga abin da yake faɗa wa jama'a: "Don girmansa na ba shi haƙuri, ba don na yi laihi ba. Ina tsaye ya zo ya shige ni. Tsoho ne, ba ya gani."

Na ga yadda maganar ta soki Malam Hamisu, domin ita ce dai maganar da ke jiransa a gida. Na zagaya wurin masu tebur ina neman wanda zai tsaya shaida. Mai shayi ya ce yana zuba madara lokacin. Mai sayar da takalma ya ce ya sunkuya yana neman wari. Duk sun gani, amma wa zai buɗe baki gaban ɗan sanda alhali teburinsa na kan dakalin masu ƙafa? Matan mangwaro kuma sun daɗe da wucewa. Shaida ɗaya ta rage, wato yadda keken yake kwance da sawun tayar motar a kan yashin bakin kwalta. Duk wanda ya duba ya san baya aka yo.

Muka kira masu konsta, aka ce suna wani haɗarin a wata unguwa, mu jira. Muka jira. Rana ta take, ganyen salati ya fara laushi a kan kwalta. Motoci suka koma bin layi ɗaya, suna wucewa da ƙyar. Masu moto suka haye dakali suna kutsawa tsakanin tebura, ɗaya ya ture wa wata mata kwanon fura. Ba ta zagi mai moton ba, ta juyo ta zagi Malam Hamisu. Direbobin taksi suna leƙo kai suna cewa, "Baba, jirgin sama na aka yi ma konsta?" Wani mai babbar riga ya fito daga motarsa takanas ya yi masa wa'azin yafiya, da aya da hadisi, amma bai ce wa Ismaël komai ba. Na ji kamar in shaƙe shi da rawaninsa.

Malam Hamisu bai ɗaga murya ba. Duk wanda ya zo, amsa ɗaya yake ba shi: "Na yi haƙuri shekara da shekaru. Yau so nike a hwaɗi wanda ya yi laihi." Wani ƙato ya sunkuya zai ja keken da ƙarfi, dattijon ya tashi daga kan kwando ya zauna a kan kwalta mai zafi, ya ɗora hannu a kan sirdi. Ƙaton ya yi tsaki ya tafi. A raina na ce yau kam za mu ga ƙarshen abin nan.

Can sai na ji odar motoci tana mutuwa daga baya, ɗaya bayan ɗaya. Masu shagunan gefe suka fara miƙewa tsaye. Wata buɗaɗɗiyar mota ce ke tahowa a hankali da makara a bayanta, an lulluɓe da tabarma, maza na zaune a gefe-gefe, ayarin moto na biye. Motocin gaba suka rarraɓe, wasu suka hau dakali, aka buɗe mata hanya har ta iso inda muke. Nan ta tsaya, domin ta fi kafar da ta rage faɗi.

Ba wanda ya ce wa Malam Hamisu komai. Masu zagi sun yi shiru, masu gawa ma ba su danna oda ba. Wani dattijo a cikin motar, mai yiwuwa uban mamacin ne, ya dube shi kawai. Na matsa kusa da Malam Hamisu na ce masa a hankali ko za su iya komawa su bi ta wani layin. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

Ya ce, "Habibu, ba a sa gawa jira."

Ya dafa ƙasa ya miƙe. Da hannunsa ya jawo keken daga ƙarƙashin motar, ya ja shi zuwa gefe tayar na gurzar kwalta, ya yi wa Ismaël alama ya kawar da motar daga hanya. Sannan ya tsaya yana salati har makarar ta wuce. A bayanta duk motocin da suka taru suka kwararo kamar an fasa madatsa. Suka bi ta kan ganyen, suka shafe sawun tayar. Ismaël ya kawar da mota kamar yadda aka ce masa, kuma bai tsaya ba, ya yi gaba abinsa.

Masu konsta sun zo bayan azahar, su biyu a kan moto. Sun yi mana magana da ladabi. Suka duba titi, suka duba keken da ke jingine da bango, suka ce tun da an ɗaga kuma motar ba ta nan, ba abin da za su auna. Gaskiyarsu ce, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi.

A amalanken wani mai ɗaukar katako muka ɗora keken zuwa Bukoki. Safiatou na tsaye a ƙofar gida, labari ya riga mu. Ta kama hannunsa tana duba raunin, idonta ya cika da hawaye. Na fara zuba mata bayani, yadda motar ta yo baya, yadda keken yake kwance.

Ta ce, "Tonton, kuna wurin sa'ad da anka buge shi?"

Na ce a'a, daga baya na zo, amma na ga sawu da idona.

Ta juya wurin ubanta. "Baba, masu konsta mi sunka ce?"

Ya ce, "Sun ce ba su ga komi ba."

Na buɗe baki zan kawo zancen makarar, ya ɗaga mini hannu. Ya san ko ta yarda, ba shaidar da suka yi alkawari a kanta ba ce, kuma shi ba mutumin da zai yi ciniki da gawar wani ba ne. Ya laluba aljihu ya ciro ɗan makullin keken ya sa mata a tafin hannu. Ta ce, "Baba, don lahiyarku na." Ya ce ya sani.

Washegari bayan sallar asuba na ji ƙofarsa ta buɗe kamar kullum. Na ji takunsa har zaure, inda keken yake jingine. Ya daɗe a tsaye a wurin. Daga nan na ji ya koma ɗaki ya turo ƙofa.