Sunan da ke bayan hoton Baba

Yau shekara tara ke nan da muka kai Baba makwancinsa, amma hotonsa na gida yana nan a falonmu na unguwar Treichville, nan bakin teku, a kan ƙusar da ya buga da hannunsa. Hoto ne baƙi da fari: bukkar ciyawa, rumbu a gefe, wata mata a bakin ƙofa riƙe da ƙwarya. Gidan kakanninmu ne, can Nijar.

A kasuwar Adjamé kowa Ɗan Tawa yake ce masa, don a nan babban gari ake laƙaba wa mutum, ba ƙauyensa ba. Mu ma muka ɗauka hakan ya isa. Duk sallah sai ya sauko da hoton, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya ce, "Ku zo ku ga gida." Ni kuwa, ɗan lakkol mai ji da faransanci, sai in ce, "Après, Baba," wato sai an jima, in fice. Sunan ƙauyen ya sha faɗarsa, ban riƙe ba. Na san dai ya rubuta shi da ajami a bayan hoton, na ce ai ba inda za shi.

Bana 'yata Hadiza ta tambaye ni sunan ƙauyen. Na buɗe katakon hoton, na tarar danshin bakin ruwan nan ya cinye rubutun takardar, sai tabon tawada. Na kai ta wurin Baba Idi, abokin babana ɗaya da ya rage a masallaci. Ya kusantar da ita ga idonsa, ya daɗe.

"Ɗana, ba abin da ya saura. Ni kuma mutumin Damagaram ne, ban taɓa tambayarsa ba."

Na dawo gida. Da babana zai leƙo yau, na tabbata ba zai yi faɗa ba. Dariyar nan tasa zai yi, ya ce ɗan boko ya ɓatar da gari sukutum. Ita ce ta fi yi mini ciwo. Matar nan ta cikin hoton ma, uwarsa ce ko yayarsa, ban sani ba, kuma babu mai gaya mini.

Abin da ya rage mini nasa shi ne hannun nan mai goge gilashi. Ranar sallah na sauko da hoton, na goge shi da bakin rigata, na kira Hadiza ta zo ta ga gida.

Ta ce, "Papa, c'est où?" Wato, ina ne?

Na ci gaba da gogewa.