Ɗakin Fararen Kaya

Mijin yayata wanki da guga yake yi, a bayan masana'antar narka ƙarfe. Mai Wanki kowa ke ce masa, har ita yayar tawa in tsokana ta motsa. Mutum ne mai sanyi kamar randa. Ka zage shi ma, sai ya tambaye ka ko a sa wa rigarka sitati.

Unguwar kuwa, sai dai Allah ya kyauta. Bututun masana'anta na aman hayaƙi, manyan motoci na tayar da garin siminti, kowane shago da janaretonsa, ga masu ƙona taya don ciro waya. Ba ka ganin saukar abin. Ajiye kofin ruwa ka juya, ka dawo ka tarar da baƙi-baƙi a sama. Farar riga kafin ta bushe a igiya ta koma ruwan toka, masu kaya su zo su yi ta masifa.

Sai ya yi dabara. Ɗakinsu ɗaya ne tal. Ya manne taga da leda, ya cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ya ɗaura igiyoyi bango zuwa bango. Fararen kaya suka samu ɗaki, shi da yayata suka koma kwana a baranda. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Ta ce in rabu da ita, kayan mutane amana ne, kuma da su ake ɗora tukunya.

Tari ya fara mata kaɗan-kaɗan. Daga baya ko bokiti ta ɗauka sai ta tsaya tana haki. A asibiti aka ce abin da take shaƙa ne ya cinye mata huhu, a raba ta da iskar nan. Ya kwance igiya guda, ya yi mata shimfiɗa a ciki. Danshin kayan ya ƙara shaƙe ta, ta dawo baranda da ƙafarta.

Ranar da ta rasu ban yi kuka ba, shi ma haka. Wallahi ban ji komai ba. Na ɗauko tsintsiya zan share barandar, na ɗaga tabarmarta. Ko'ina baƙi ƙirin, inda take kwanciya kaɗai ne fes.

Ya daɗe yana kallon wurin.

"Mayar da tabarmar, ƙanwata," in ji shi. "In kin bar wurin a buɗe, kafin yamma baƙin ya rufe shi."

Na mayar. Ya shiga ɗaki juya fararen kayan, ya ja ƙofa.