Malam Gershon Kumai da Kwana Uku a Zanzibar

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Gershon Kumai ran 9 ga Afrilu, 1961, a Fadan Kagoma da ke ƙasar Jema'a. Mahaifinsa, Azariya Kumai, manomin citta ne kuma dattijon ikilisiya, mahaifiyarsa kuwa ita ce Miriyam. Shi ne na biyu a ɗakinsu, yana bin wansa Obadiah. Ya yi firamare a makarantar mishan ta garinsu, sannan ya shiga kwalejin horar da malamai a Kafanchan, ya fito da takardar koyarwa a 1982.

Aiki da iyali

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da lissafi a makarantun karkara, kuma waɗanda suka zauna a ajinsa sun shaida cewa bai san wasa ba, bai kuma san hutu ba. A 1990 ya auri Hulda, 'yar mawaƙan Zumuntar Mata, wadda ta riƙe gonar cittar gidan. Ubangiji ya ba su 'ya'ya uku: Nelson, Hephzibah da Alexander. Hephzibah ce 'yar lelensa, ita ce kuma ta gaje shi a aikin malanta.

Aikin sa kai a Tanzaniya

Bayan ya yi ritaya a 2017, wata ƙungiyar ikilisiya ta nemi malaman da za su koyar kyauta na shekara guda a wata makaranta kusa da Dar es Salaam. Ya so ya ƙi, amma Hulda ta matsa masa, tana cewa mutumin da bai taɓa wuce Legas ba ya kamata ya ga duniya kafin ƙafa ta gaza. Ya tashi a Janairun 2018.

Ran Juma'a, 16 ga Nuwamba, abokan aikinsa suka ja shi zuwa tsibirin Zanzibar domin hutun ƙarshen mako. Suka hau jirgin ruwa da safe. Can ya fara sa ƙafa cikin teku, ya sha ruwan kwakwa, ya zagaya gonakin kanumfari, yana ta tambayar manoma yadda suke shanya cittarsu. Duk abin da ya gani sai ya ɗauki hoto ya aika wa wayar matarsa.

Abin da bai sani ba shi ne, tun ran Alhamis maciji ya sari Hulda a gona tana tonon citta, ta rasu kafin a kai ta asibiti. Al'adar gidan ita ce ba a faɗa wa mutum rasuwa ta waya, sai a aika babba ya zaunar da shi, ya yi addu'a, sannan ya faɗa. Obadiah, a matsayinsa na babban gida, ya nemo wani fasto ɗan Najeriya a Dar es Salaam. Faston ya isa makarantar ran Juma'a da rana, ya tarar sun tafi, sai ya ce zai jira su dawo. Babu wanda ya yi tunanin a tura shi tsibirin, tafiyar awa biyu kacal!

Hotuna kuwa suna ta shigowa wayar marigayiya. Domin kada ya yi zargin wani abu, Obadiah da sauran dattawa suka umarci Hephzibah ta riƙa amsawa da sunan uwarta. Ta yi kuka, ta ƙi, aka ce mata ko tana so uban ya yanke jiki ya faɗi a ƙasar mutane. Kwana uku tana rubuta masa cewa gida lafiya, ya ci gaba da hutawa. In ya kira, sai a ce Mama ta tafi taron Zumuntar Mata.

Gawar ta kumbura saboda dafin, ba ta jira ba. An binne Hulda ran Litinin da safe, faston kuma ya sanar da shi da yammacin ranar. Da an faɗa masa ran Juma'a, da ya iso gida ran Lahadi.

Komowa gida

Ya iso Fadan Kagoma ran Alhamis, ya tarar an riga an kwashe rumfunan zaman makoki. Ya karɓi wayar matarsa, ya karanta saƙonnin tun daga farko, ya tambayi wanda ya rubuta. Hephzibah ta durƙusa ta ce ita ce. Abin da ya faɗa mata a gaban jama'a shi ne: "Su dattawa ne, haka suka saba. Amma ke, ke ma?"

Abin baƙin ciki, Obadiah da ya ba da umarnin sun shirya da shi kafin shekara ta zagayo, ita kuwa 'yar da aka tilasta wa ita ce ta ɗauki laifin duka. Yakan amsa gaisuwarta, iyakar abin ke nan. Fastoci sun yi magana har sun gaji. A bikin aurenta a 2021 ya zauna a kujerar uba, ya sa hannu a takarda, ya tashi kafin a raba abinci. Ya daina zuwa majami'a, ya ba da gonar cittar aro, ya koma zaman ƙofar gida.

Rashin lafiya da rasuwa

A Afrilun 2023 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Hephzibah ta bar aikinta a Gidan Waya ta dawo jinyarsa, wata goma sha ɗaya tana ba shi abinci a baki. Bakinsa bai mutu ba, domin yana hira da masu dubiya. Sau biyu ta roƙe shi gafara, sau biyun kuma ya juya fuska bango. Ran Talata ta roƙa na uku, ya ce mata: "Bari sai gobe."

Ya rasu washegari, Laraba 6 ga Maris, 2024, da hantsi, yana da shekara sittin da biyu, lokacin ta fita ɗebo masa ruwan wanka. An yi jana'izarsa ran Asabar 16 ga wata, aka binne shi a bayan gida kusa da Hulda.

Ya bar Nelson, ma'aikacin lafiya a Kaduna, da Alexander, ɗalibi a Jos, da jikoki biyu, da kuma Hephzibah, wadda har yau takan tambayi waɗanda suka zo dubiya a ranakun ƙarshe ko ya ambaci sunanta.